Karkatacciyar Dala Ashirin ta Cha'ibu

Cha'ibu mai gyaran rediyo ne a kasuwar Mayahi, mutum mai taurin kai kamar ƙusa. Shan inna ya karkata masa ƙafa tun yana yaro. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, in an tambaye shi 'ya'ya yakan ce, "Maza uku gare ni, sai Cha'ibu." Wannan "sai" ɗin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Abin da ya fi so a duniya shi ne tara kuɗin ƙarfe. Ya fafe wa kowane gurbinsa a jikin katako, tun daga na zamanin Nasara har na yau. A tsakiya akwai wata dala ashirin da aka buga a karkace, tambarin ya zame gefe, rabin lambar ya ɓace. Matarsa Rakiya ta sha cewa ya cire ta, tana ɓata sauran. Ko kallonta ba ya yi.

Ranar da malaman lakwal, wato makarantar boko, na Tessaoua suka gayyace shi ya nuna wa yara kuɗin, wani jandarma ya tsayar da motar hayar da ya shiga a shinge. Ya sa aka kwance zanen da ke naɗe da katakon. Hannunsa bai je ko'ina ba sai kan karkatacciyar.

"Baba, wagga jabu ce."

Cha'ibu ya san kalmar jabu kan kwanar da mutum a ɗaure.

"Ba jabu ba ce, shef. Inda aka buga sauran, nan aka buga ta. Inji ne ya kubce."

"Ka bar ta nan ka wuce, ko ka sauko mu tahi birgad, ofishinmu, a bincika."

Direba ya fara tsaki. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Haba malam, ga su nan cikakku, sai waccan guda. Mi za ta rage maka?"

Cha'ibu ya waiwaya ya dube ta. Tsoro yake ji ƙwarai. Ya miƙa wa jandarman tafin hannu.

"Ba ni ita in maida ta gurbinta, shef. Ni da ita tare za mu birgad ɗin."

Jandarman ya ba shi, Cha'ibu ya danna ta a tsakiyar 'yan'uwanta, ya rungume katakon, ya jawo ƙafarsa ya sauka. Motar ta tafi ta bar su a bakin shinge.