Irin Shinkafar Mahaifina Da Na Bari Aka Casa

Assalamu alaikum. Ina roƙon mai kula da wannan shafi ya ba ni ɗan fili, domin akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi, kuma shekaruna sun kai inda mutum ba ya son tafiya da irin wannan kaya. Da ajami na fara rubuta shi, don da shi na saba yin magana da kaina, sannan na mai da shi boko. Ba zan kama sunan kowa ba. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa sun rasu, Allah ya jiƙansu.

A shekarun da aka samu mulkin kai ina ɗan shekara talatin ba biyu, da mata da 'ya'ya biyu. Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Gulma, a ƙasar Argungu. Na sauke Alƙur'ani, na yi littattafai gwargwadon hali, hannuna yana da kyau a ajami, daga baya na koyi boko da ɗan Turanci a ajin manya. Wannan ya sa aka ɗauke ni marubuci a wani kwamiti da ke zama a Birnin Kebbi. Kwamitin na masana ne daga ƙasarmu da kuma Nijar, an haɗa su ne su yi nazarin gulabe da fadamun da muke tarayya a kansu. Ƙasashen biyu sababbi ne a 'yanci, kowace tana neman wanda zai zo ya zuba jari. A lokacin akwai wani kamfani na Turawa da ke son kafa injin casar shinkafa, ya kuma gina jinga mai tsawo a bakin gulbi don tare ambaliya. A teburin taro 'yan kwamitin 'yan'uwa ne, ana gaisawa ana tambayar iyali, amma kowane ɓangare yana jan kamfanin nan zuwa gidansa. Ni kuwa ina gefe da alƙalami, ina jin kaina wani babban mutum domin ina jin abin da mutanen ƙauyenmu ba sa ji.

Mahaifina manomin fadama ne. Gonarsa tana wurin da ya fi ko'ina zurfi idan gulbi ya kawo, inda ruwa kan shanye mutum a tsaye har da hannunsa a ɗage. Jar shinkafa yake nomawa wadda ya gada daga kakansa, mai bin ruwa. In ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙaru, kullum kanta yana sama. Kowace kaka shi da kansa yake shiga jirgi ya zaɓi zangarniyar da za ta zama iri, ya ajiye a wani ɗan rumbu dabam wanda ba mai buɗe shi sai shi. A gidanmu iri ba ya ganin turmi. Na tashi ina jin labarin wata shekarar yunwa da aka yi ta cin ganye a gidan, rumbun nan yana cike, ba wanda ya ko kalle shi.

Kamfanin ya kawo sharaɗi. Farar shinkafa yake so, wata gajera mai yawan tsaba, kuma ba ya son ja ta gauraya da ita. Sai aka tsara musaya: manomi ya kawo tsohon irinsa, a ba shi sabo mudu da mudu, tsohon kuma a casa shi a ciyar da leburori. Ni na rubuta sanarwar da ajami, ni na yi ta karanta ta a kasuwar Argungu da Gulma har Augie. Ranar da na karanta ta a ƙofar masallacin ƙauyenmu, mahaifina ya bari na gama, sannan ya tambaye ni a gaban jama'a, yana kirana malamin gwamnati, wai shinkafar da ba ta kai masa gwiwa ba, in ruwa ya zo ni zan koya mata iyo ko Turawan. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce masa ai jinga za ta tsaya kafin ruwa ya sauko, gonarsa za ta zama kamar tsakar gida. Ya ce to, shi dai bai taɓa ganin gulbi ya karanta takarda ba. Amma na ga yadda dattawa suke kallonsa. Kowa ya san in mai gonar zurfi ya ba da irinsa, sauran za su bi.

Saura mako uku a yi musaya aka yi wani zama a Birnin Kebbi. A nan wakilin kamfanin ya faɗa a fili cewa an ba su fili a can hayin, wato ɓangaren Nijar, bakin babban kogi, da sauƙin haraji na wasu shekaru, kuma hankalin manyansu ya fi karkata can. Ya ce ko da sun zauna a wajenmu, ba za a fara jinga a wannan shekara ba. Da hannuna na rubuta wannan magana. Bayan baƙi sun fita, shugaban ɓangarenmu ya ce kada wanda ya fitar da ita waje. A ganinsa, in Turawan suka ga fadama duka ta cika da farar shinkafa, za su gane mu ne a shirye, su sauya shawara. Ba mugun mutum ba ne, yana son alheri ya zo ƙasarsa, amma bai taɓa noma a zurfi ba. Ni na taɓa.

Akwai wani malamin gona a cikinmu, Kirista ne daga tsakiyar ƙasar nan, yana zaune a Birnin Kebbi da iyalinsa, muna shiri ƙwarai. Ina alwalar azahar a gindin darbejiya ya zo ya tsaya a kaina har na gama. Ya ce Malam, ka hau keke yau ɗin nan ka gaya wa tsohonka ya ɓoye ko ƙwarya ɗaya ta irin nan nasa. Na ce masa maganar taro amana ce. Ya ce shi bai yi karatunmu ba, amma yana so in faɗa masa a wane littafi aka ce amanar takarda ta fi ta uba. Sai na yi fushi, na ce ya kula da aikinsa. Gaskiyar da ban faɗa masa ba ita ce ba amana nake tsaro ba. Ina tsoron a sallame ni, kuma ina jin kunyar in koma ƙofar masallacin nan in ce abin da na karanta muku jiya ku manta da shi.

Ranar Juma'a na je gida. Bayan la'asar na tarar da mahaifina zaune a inuwar ɗan rumbun nan yana gyaran igiya. Ya sa na zauna, ya tambayi jikokinsa, sannan ya dube ni ya ce, “Wagga jinga taku, za ta tsaya kahin ruwa ko ba za ta tsaya ba?” Na sunkuyar da kai na ce in Allah ya yarda. Ya sake tambaya, ya ce shi ya san komai sai da yardar Allah, abin da kunnena ya ji yake tambaya. Na sake cewa in Allah ya yarda, Baba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ban ce masa i ba, ban ce a'a ba, na ɗauki sunan Ubangiji na laɓe a bayansa, alhali na san abin da na rubuta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya koma kan igiyarsa.

Bayan kwana kaɗan 'yan kwamitin suka zo zagayen fadama na ban kwana. A cikin baƙin akwai wani dattijo Bazabarme daga wajen Gaya ta Nijar, ba mai digiri ba ne, an sa shi a kwamitin don sanin ruwa da ƙasa. Mahaifina ya iya Zabarmanci tun yawon kamun kifi na ƙuruciya, ni ban iya ba. Na gan su sun keɓe suna magana, har mahaifina ya shiga gida ya fito da wani ƙulli a tsumma ya ba shi. Raina ya ɓaci. A zuciyata na ce ga mutanen da ke neman ƙwace mana injin, shi kuma yana yi musu kyauta. Ranar musaya mahaifina ne ya fara buɗe rumbunsa. Ya auna da hannunsa har ya ƙare, ya kaɗe buhun. Sauran magidanta suka bi layi a bayansa. Da idona na ga an loda irin kakanninmu a mota an tafi da shi casa.

Aka yafa fara, ta fito kore shar, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Damina ta yi nisa, sai labari ya tabbata cewa kamfanin ya sa hannu da mutanen hayi. Ba a ɗebi ko kwando ɗaya na ƙasa don jinga ba. Gulbi ya kawo kamar yadda ya saba, ba ambaliyar a zo a gani ba ce, ruwan kowace shekara ne. Cikin kwana huɗu ya rufe farar shinkafa. Na shiga jirgi da mahaifina muka ratsa ta kan gonarsa. Babu ko ganye ɗaya a sama, sai ruwa fetal. Ya zura gora ƙasa ya ciro ta da ruɓaɓɓen kara a jiki, ya shinshina, ya mayar, ya ce mu koma gida.

Shekarar ta yi wa ƙauyenmu tsanani. Magidanta da yawa sun tafi cin rani tun kafin lokaci, wasu ba su dawo ba. An samo jar shinkafa daga wasu garuruwa don shekara mai zuwa, amma ba ta jure zurfi irin na gonarmu. Ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Mahaifina bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ya sauya: in wasiƙa ta zo masa, sai ya kai wa limami ya karanta masa, ko da ina gidan. Sau da yawa na shirya in durƙusa in faɗa masa cewa na sani tun kafin musaya, sai in ce bari ya ɗan warware. Ciwo ya kama shi da rani. Kafin wata damina ta faɗi ya rasu, ban faɗa masa ba.

Na bar aikin kwamitin na koma koyar da karatu a Argungu. A shekara ta uku wani mai fataucin busasshen kifi ya kawo mini saƙo cewa dattijon nan na wajen Gaya yana nemana. Na tafi. Na wuce ginin injin da muka yi ta kokawa a kansa, na ji ana cewa masu shi sun fara maganar komawa wata ƙasa ta bakin teku, inda aka yi musu tayin da ya fi. Dattijon ya karɓe ni, ya yi mini ta'aziyya da Hausarsa mai nauyi, ya kai ni bayan gida ya nuna mini buhu biyu. Da na zura hannu na ga jar tsabar nan mai dogon gashi, sai na gane irin gidanmu ne. Ya ce mudu ɗaya aka ba shi, damina uku yana juya shi a wani kwari nasa har ya kai haka. Ya ce ba kyauta ba ce, ajiya ce. Sannan ya gaya mini abin da mahaifina ya faɗa masa a ranar. Mahaifina ya ce masa ɗansa ya ji wata magana da ta fi ƙarfin bakinsa, shi kuma ba zai ƙaryata ɗansa a gaban gari ba, don haka zai buɗe rumbu. Amma shi dattijon ya riƙe masa wannan shinkafa, in ta yi yawa ya mayar wa yaron, kada ya yi masa faɗa.

Ashe ya sani. Tun a inuwar rumbun nan ya karanta a fuskata abin da na ɓoye, ya kuma zaɓi ya rasa irin kakansa a kan ya tozarta ni. Ni ina tsaron kujerata, shi yana tsaron mutuncina. Na zauna a ƙasa na yi kuka a gidan mutumin da na ɗauka abokin gaba ne, shi kuma ya tsaya ya juya mini baya har na gama.

Na dawo da buhunan nan, na raba wa gidajen da suka bi mahaifina layi, na kuma tsaya a ƙofar masallaci na faɗi abin da ya kamata in faɗa shekara uku da suka wuce. Wasu sun yafe a take, wasu sun tashi sun tafi, ban ga laifinsu ba. Malamin gonan nan ma na je har gida na ba shi haƙuri.

Ba ina cewa a guji maƙwabta ko a kori mai jari ba. Maƙwabci ne ya tsare mana abin da muka zubar. Amma mai jari yana bin inda ya fi masa ne, yau nan gobe can, manomi kuwa gonarsa ba ta tashi. Kirana ga ku da kuke zama a ɗakunan taro kuna jin abin da iyayenku ba sa ji: in maganar ta shafi abincin mutane, ku kai musu ita tun tana da amfani. Kada ku sa talaka ya rabu da abin da ke hannunsa don a burge baƙo. Kuma kada ku ɓuya a bayan sunan Allah alhali kun san amsa. Har yau ana noma shinkafar nan a zurfin fadamarmu, kowace kaka ina sa a zaɓo mini zangarniya in sa a rumbu. Iri ya dawo gida, amma wanda nake so in faɗa wa gaskiya bai jira ni ba. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa mahaifina addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.