Sandunan da Dogo ya kwance

Dogo kafinta ne, na gini fa ba na kujera da gado ba. Shi ke kafa katako da sanduna a ƙarƙashin deki, wato rufin siminti na bene, kafin a zuba kankare. Shekara ashirin da biyar yana yi, tafin hannunsa ya koma kamar bayan takalmi, yatsa ɗaya ma guduma ta lanƙwasa masa. Duk wanda ya koyi aiki a gunsa doka ɗaya yake fara ji, ba a kwance sanda sai dekin ya kwana ashirin da ɗaya, ko da uban wa ya zo.

A cikin waɗanda ya koya wa akwai Mai Ƙusa, yanzu shi ma babban mutum ne da mata da 'ya'ya uku, amma har yau in ya ga Dogo sai ya rusuna ya ce Maigida.

To suna wani aiki na bene, dekin kwanansa tara kacal, sai ga ɗan kwangila ya faka mota ya ce a kwance masa katakon yau, zai kai wani waje. Birkiloli suka ce ai ya bushe, leburori suka ce ƙaƙas ma kuwa, wani har ya hau sama yana tsalle wai a gani.

Mai Ƙusa ya ajiye gudumarsa. Ya ce, "Yallaɓai ni dai ba zan taɓa ba. Sama ne ya bushe, cikin ɗanye ne."

Aka kwashe da dariya. Babban birkila ya ce, "Kun ji injiniya, ina ka bar farar hular?" Wani lebura ya ce, "Ku samo masa kujera ya zauna ya yi gadinsa har ya nuna."

Ɗan kwangila bai yi dariya ba, ya juya ya kalli Dogo. "Kai ne babba. Ya bushe ko bai bushe ba?"

Mutum wajen ashirin ido a kansa, rana ta take, kowa so yake a gama a tashi. Dogo ya san amsa, shi ya koyar da ita ai. Amma ya tuna an ce da shi za a tafi sabon aikin, kuma shi mutum ne da bai iya a yi masa dariya ba. Ya kalli ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ji bakinsa ya ce, "To, ai da ɗan dama."

Shi kenan aka sallami Mai Ƙusa a take. Ya zuba kayansa a buhu, ya zo wucewa ta gaban Dogo ya rusuna, "Sai an jima Maigida." Gara ma a ce mari ya sharara masa.

Dogo da hannunsa ya buge sandunan. Dekin bai faɗo ba, ya dai yi ciki kaɗan a tsakiya da wata tsaga siririya, aka shafe da filasta kowa ya yi kamar bai gani ba.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta ce, "Baban yara, wai wa ya mutu ne?" Ya faɗa mata duka. Ta kalle shi ta ce, "Matar Mai Ƙusa fa cikinta wata takwas." Ta ɗauke kwanon.

Sati biyu Mai Ƙusa na zaune, don labari ya zaga wai taurin kai gare shi. Dogo ya wanke ƙafa ya je gun wani fomen, shugaban ma'aikata a wani gini, da suka yi ƙuruciya tare, ya ce ya kawo masa kafinta mai kyau.

Fomen ya ce, "Wanda aka kora? Me ya yi?"

Yaran fomen duk sun tsaya da aiki suna ji. Dogo ya dubi fomen. Ya ce, "Dekin kwana tara aka ce ya kwance ya ƙi. Aka tambaye ni na yi ƙarya. Ni na kwance."

Fomen ya kalle shi sama da ƙasa. "Kai Dogo? Kai da bakinka?" Ya girgiza kai. "Turo shi gobe. Shi kaɗai fa."

Dogo ya ce to. Bai iya zuwa gidan Mai Ƙusa da kansa ba, matarsa ce ta yafa gyale ta kai saƙon.