Yarinyar da Ke Kaɗa Mana Piyano

Ni nake jagorantar mawaƙan cocinmu a Sabon Gari lokacin da ta zo mana. Koyarwa nake yi a wata sakandare a Samaru, can kuma gidana yake, waƙa kuwa sai Alhamis da yamma da ranar Lahadi. Muna da wani tsohon piyano mai aiki da wuta, wanda wasu maɓallansa suka daina magana. Tun da aka yi wa mai kaɗa shi canjin wurin aiki yake lulluɓe da zane a kusurwa.

Wata Alhamis na riga kowa zuwa, sai na tarar da wata siririyar yarinya ta yaye zanen tana kaɗawa. Waƙar zumuntar mata ce, irin wadda iyayenmu ke yi da tulu da caki. Hannunta na hagu yana aikin tulun, na dama yana rera waƙar. Maɓallan da suka mutu kuwa tsallake su take yi kamar ta daɗe da saninsu.

Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Babu kowa, Malam. Ji nake yi, sai in nemo shi."

A Jushi take zaune da mahaifiyarta, wadda ke aiki a wani kamfani a Chikaji. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa. Da na ji a Samaru take karatu, sai na ce in na tashi daga makaranta ranar Alhamis zan riƙa ɗauko ta a babur.

A kan babur ɗin na gane tana da ciwo. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ta damƙe rigata ta baya. Na ɗauka tsoro ne, har ina yi mata tsiya. Wata rana da muka sauka a ƙofar coci na ga ta jingina da bango, gumi ya jiƙe mata goshi, ta kasa ɗaga ƙafa.

Ta ce, "Sikila gare ni, Malam. Ta cinye mini ƙashin kwatangwalo."

"Yanzu yana yi miki ciwo?"

"Kullum yana yi. Wata rana dai yakan bar ni in yi tunanin wani abu daban."

Daga ranar na koma tuƙi a hankali, ina kauce wa ramuka, 'yan acaba na yi mini hon suna zagina. Iyakar abin da na iya yi mata ke nan, kuma ko shi bai hana ta damƙe rigar ba.

Kiɗanta ya canza mana sujada. Tsofaffin da ke cewa piyano kayan yara ne suka fara tashi suna rausayawa. In mai wa'azi ya ɗauko waƙa daga sama da muryarsa da ba ta da saiti, kafin ya kai ƙarshen layin farko ta kamo shi, ta tallafe shi, har ya ɗauka shi ne ya iya. Tana kuma tsara nata waƙoƙin. Takan rera wa kowane sashe nasa sau ɗaya, in wani ya kauce sai ta ɗaga gira kawai, ba ta faɗa.

Jama'a sun so su taimaka. Matan zumunta suka yi azumi dominta. Wata dattijuwa ta kawo sassaƙe daga ƙauyensu, wani ya kawo man shafawa, wani kuma ya ja mahaifiyarta gefe ya ce a bincika, wataƙila da hannun mutum a ciki. Duk abin da aka kawo takan karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Likita ya ce aiki za a yi a sauya ƙashin, amma sai jininta ya hau. Ana sa rana, jinin ya sauka, a ɗaga.

Akwai ranar da ciwon ya tayar mata muna tsakiyar koyon waƙa, muka kai ta wani asibiti a a-daidaita-sahu. Tana kwance a benci tana cizon gefen mayafinta, na ji wata ma'aikaciya na ce wa 'yar'uwarta masu irin wannan ciwon sun saba da allura ne, shi ya sa suke yawan zuwa. Na tashi na yi magana, har muryata ta yi sama. Matar ta ce in yi haƙuri, ba ta da ikon ba da komai sai likita ya zo. Muka zauna jiran likita. Yarinyar ta ji duk abin da aka faɗa. Da na koma kusa da ita sai ta ce, "Malam, bar su. Ciwon ba a ganinsa, shi ya sa."

Duk da haka ita ta yi kiɗan bikin wata ƙawarta. Coci ya cika, ana ta rawa ana guɗa. Ni da nake tsaye kusa da ita na ga tsakanin waƙa da waƙa takan kifa goshinta a gefen piyano, ta ja numfashi, sannan ta ɗago. Na sunkuya na ce ta bari, za mu ƙarasa da ganga. Ta girgiza kai.

Bayan an watse na tambaye ta ko kiɗan yana rage mata zafin. Ina so ƙwarai ta ce e.

Ta ce, "A'a. Yana nan. Sai dai in ina kaɗawa ba shi kaɗai ne a ɗakin ba."

Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa a Sabon Gari ya ji ta a bikin, ya ce ta zo ya ɗauki waƙoƙinta. Muka je. Ta fara da kyau, mutumin har ya cire abin kunnensa yana kallonta. Amma kujerar ta gagare ta. Aka sa matashi, aka gwada a tsaye, aka huta aka sake. Waƙa ɗaya ma ba ta kai ƙarshe ba.

Da damina ta kama, sanyi ya ƙara mata ciwon, ta daina zuwa makaranta, daga baya ta daina zuwa coci. Muka roƙi fasto ya bar mu mu kai mata piyanon gida. Mukan taru a tsakar gidansu, ita tana ɗaki kwance a gefe ɗaya, piyanon a kan katifa, tana kaɗawa da hannu guda, muna amsawa ta taga. Maƙwabtansu, Kirista da Musulmi, sukan leƙo su tsaya. Sannu a hankali yatsun ma suka fara kumbura.

Ciwon ƙirji ne ya kai ta asibiti na ƙarshe. Na je duba ta bayan na tashi daga makaranta, na tarar an sa mata robar iska a hanci. Ta yi mini alama in matso. Na ɗauka wani saƙo za ta ba ni. Sai ta ce, da ƙyar, "Matan nan na cikin mawaƙa har yanzu suna sauka ƙasa da murya a amshi?"

Na ce suna sauka.

Ta ce, "Ka sa su ja numfashi kafin su shiga."

Washegari da rana, ina cikin aji, wayata ta yi ƙara, aka ce mini ta rasu. Ba ta kai shekara ashirin da biyar ba.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa ta huta, ciwo ya ƙare. Gaskiya suka faɗa, amma bakina ya kasa furta ta. A jana'izar mun yi ɗaya daga cikin waƙoƙinta, muka watse a tsakiya, sai jama'a ne suka ƙarasa mana.

Bayan wasu makonni mahaifiyarta ta dawo sujada. Da aka tashi ta jira har mutane suka ragu, sannan ta same ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam, kai ka yi karatu. Me ya kamata mu yi da ba mu yi ba?"

Na tsaya ina kallonta. Ta ɗan jira, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce to, bari ta je, ta bar wake a wuta. Na raka ta bakin titi, muka tsaya tare har ta samu abin hawa.