Maharazu Mai Amya da Ɗorawar Fassi

Da an sallame Asuba, Malam Maharazu na Fassi yakan saɓa igiya ya nufi itatuwan ɗorawa. Sana'arsa amya: ya saƙa ta da ciyawa, ya yaɓe da kashin shanu, ya turara, ya hau ya ɗaure a reshe don ƙudan zuma ya shiga. Haka muka san shi tun gemunsa na baƙi.

Sai aka kafa ƙarfen sabis na waya a tsakiyar itatuwan. Shekarar da ta biyo, ƙuda ya watse. Fure ya fito ja, ya zube, babu ɗa. Mata suka rasa kalwar daddawa. Ko ƙarfen ne, ko wani abu, Allah ne masani. Amma tsoro ya shiga gari. Aka ce iskar wurin tana busar da ɓargon mutum yadda ta busar da fure. Makiyaya suka daina ratsawa. Ni ma da ba na gudun kowa, kewayewa nake yi.

Masu gawayi suka zo da gatura. Maharazu ya tsaya a gindin babbar ɗorawa.

Shugabansu ya ce, "Baba, itacen da ya daina haihuwa, inuwarsa za ka ci?"

Ya ce, "Ku ba ni rani ɗaya."

A gida matarsa Bara'atu ta riƙe igiyar. "Malam, in ka shanye a can sama, wa zai sauko da kai?"

"Sakar min. Ba ƙarfe ne ya halicce ni ba."

Ya ɗauko amya mai ƙuda tun daga Nariya, a ka. Ya rataye, ƙudan ya gudu. Ya sake kawowa, har ƙudan ya zauna. Ramalan ɗan acaɓa ya gan shi a kan reshe, ya ƙanƙame reshen, baki na addu'a. Ashe Maharazu ma yana tsoro. Ya hau dai.

Itatuwa kaɗan suka yi 'ya'ya. Kaɗan ɗin suka isa aka mai da gatari.

Maharazu, kai ne ka hau inda maza suka kewaye. Mun gode. Allah Ya biya ka.

Yanzu gwiwarsa ta ƙi. Bana babu wanda ya hau, kuma jiya na ga masu gawayi tsaye suna kallon babbar ɗorawar.

Samarin Fassi, wayar a aljihunku take. Igiyar kuma tana rataye a zauren Maharazu, ya ce a faɗa muku ƙofar a buɗe take.