Girar Marianthi

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta bakin tashar jiragen ruwa a Kavala ya san girar Marianthi kafin ya san muryarta. Ɗan shagonta na jarida da sigari da cingam bai fi ta zauna ta miƙa hannu ba, a ciki ta raini 'yarta Zoi bayan teku ya ci mijinta. A nan garin kowa da ɗaga gira da haɓa yake cewa a'a, amma Marianthi ko haɓar ba ta wahalar da ita. Girar hagu kawai za ta ɗan yi sama, magana ta ƙare. Ni da muka yi makaranta benci ɗaya da ita, na sha ganin wannan girar fiye da kowa, kuma yau ita na fi kewa.

Mutum ɗaya ne girar ba ta taɓa kora ba, Anestis, tsohon direban bas wanda shi ma matarsa ta rasu. Kullum da safe zai sayi jarida, ya naɗe ta, ya ce, "Marianthi, ran Lahadi mu je mu ci kifi a bakin ruwa?" Gira ta tashi. Ya ce, "To, sai gobe." Shekaru suka yi ta tafiya a haka, har gashinsa ya yi fari fat.

Da bikin Zoi ya matso, yarinyar ta matsa wa uwar lamba ta kai ta Tasalonika aka yi mata allurar goge tamojin goshi, wai don hotuna. Goshi ya yi sumul kuwa. Amma kafin mako ya zagayo girar ta sauko ta yi nauyi, fatar idon hagu ta rufe rabin ido. Likita ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce ta yi haƙuri, da kansa zai sake bayan 'yan watanni. Da baƙin tabarau ta yi bikin. A shago kuma dole ta riƙa ɗaga haɓa yini guda don ta ga mai saye, har ɗaga haɓar ya daina nufin komai.

Ina tsaye gefe da kofin gahawata ranar da Anestis ya zo ya yi tambayarsa. Marianthi ta yunƙura. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, amma goshin ko motsi.

Ya leƙa ta tagar shagon ya ce, "Ban ga komai ba."

"Ka san amsar, Anestis."

"Na tsufa, mantuwa gare ni. Sai na gani ko na ji."

"Kalle ni fa, kamar kazar da ke gyangyaɗi. Da wannan fuskar tawa za ka shiga mutane da ni?"

"Ni da tawa nake shiga tun da aka haife ni, ba wanda ya mutu."

Kalma ɗaya ce ta rage mata, ƙarama, wadda yaro ma ya iya. Ta buɗe baki, ta gyara jaridun da ba su karkace ba, ta sake buɗewa. Ashe duk shekarun nan girar ce ke ɗauke wa bakin aikin da ba zai iya ba. Can ta ce, "Ba na cin kifi mai ƙaya."

"Ni zan cire miki."

Suka je ranar Lahadi, suka koma ta gaba. Shi dai bai daina tambaya kowace safiya ba, yana zuba wa goshinta ido kamar mai duban hadari. Damina ta shigo, fatar idon ta buɗe tas, tamoji suka dawo mazauninsu, amma girar shiru. Wata rana na ce mata, "Ke, har yanzu allurar nan ba ta sake ki ba?"

Ta duba hagu da dama ta ce, "Tun tuni ta sake. Riƙe girar nake yi, kuma da wuya. Kada ki kuskura ki gaya masa."

Ban gaya masa ba, har ciwon zuciya ya ɗauke ta bara. Ranar addu'ar arba'in, muna raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci, Anestis ya karɓi nasa kason ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Kin san tana ɗaga wa mai kawo madara gira in ta ɗauka na juya baya? A gilashin firjin lemo nake ganinta." Ya ɗan yi dariya, ya share ido da bayan hannu. "Ni kaɗai ta hana."