Ƙanƙara a Bargon Malam Bube

Malam Bube mutumin Wurno ne, amma a Rara ya tsufa. Tun yana saurayi aka turo shi firamaren garin ya koyar da kimiyya, ya iso da katifa ɗaure a bayan keke, bai sake neman canjin wuri ba. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda in ka ce masa hadari ya taso sai ya leƙa waje ya gani da idonsa. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, matarsa Atika ta tattara ta koma wurin ɗansu a Sakkwato. An yi juyin duniya ya bi ta, ya ƙi. Ya zama shi kaɗai a gida, shi ke girka wa kansa, kuma tuwon nasa ko kaji sai sun yi shawara kafin su taɓa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

Abin da ya riƙe shi buri ne guda. Duk tsawon aikinsa bai taɓa samun ɗalibin da ya dube shi ya ce, Malam, ba haka ba ne. Yaran garin an hore su da ladabi, yaro ba ya ƙaryata babba. Abin da ya faɗa shi suke maimaitawa, ko da idonsu ya nuna musu akasinsa. Shi kuwa a ganinsa, yaron da ba zai iya faɗin abin da ya gani ba bai fara bincike ba. Ga aji sai raguwa yake yi, 'yan kaɗan suka saura, su ma ya ji iyayensu za su ƙaura Achida da zarar an cire albasa. In bai samu wannan yaron yanzu ba, ba zai same shi ba.

Sai ya shirya dabara. Ya ari kular ajiye kayan sanyi wurin mai shayi, ya hau kabu-kabu zuwa Rabah da sassafe, ya sayo ƙanƙara. A gaban yara ya fasa ta, ya ajiye wani ɓari a faranti cikin rana, wani a inuwar baranda, na ƙarshe ya naɗe shi tsaf cikin bargonsa na kwanciya. Sannan ya gyara murya ya shirga musu ƙarya da gangan. Ya ce ta cikin bargo ce za ta riga narkewa, tunda kowa ya san bargo zafi ne da shi. Suka gyaɗa kai. Ya ce su sa ido da kyau, in ya dawo kowa zai faɗi abin da ya gani, ya fice ya zauna a gindin dogonyaro yana murmushi shi kaɗai. Ya san bargo tsare sanyi zai yi, ƙanƙarar tana nan ba inda za ta.

Da ya dawo, ta rana ta zama ruwa, ta inuwa saura ɗan guntu. Ya warware bargo da ƙarfin gwiwa, sai ya tarar da shi sharkaf, babu ko ƙwayar ƙanƙara. Ya yi tsaye sororo. Mujaheed, wanda shi ne babba a ajin, ya miƙe ya ce lallai yadda Malam ya faɗa haka aka yi.

Nan ne ya lura kowannensu ya cusa hannuwa a hammata. Ya ce su miƙo. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, hannuwa sanyi ƙalau, yatsu duk sun yanƙwane. Ransa ya ɓaci, har ya ji kamar ya ɗauki hularsa ya tafi gida. Ya daure dai, ya zauna a bakin benci.

"Kafin ku taɓa ta, mi kunka gani?" ya tambaye su a hankali.

Can sai Murja, wata 'yar ƙarama da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta, ta yi magana kanta a sunkuye.

"Malam, ba yadda kac ce ba ne. Tana nan ɗungum, ba ta narke ba. Mu munka murje ta da hannu. Ba mu so ka ji kunya, ga shi ba ka da kowa."

Maganar da ya shafe rayuwarsa yana jira ke nan, ta zo masa haɗe da wadda bai shirya ji ba. Daɗi ya ji, da kuma tausayin kansa. Da ƙyar ya ce mata ta faɗi gaskiya, shi ne ya yi kuskure, sannan ya juya yana goge allon da babu rubutu a kai.

Aka cire albasa, su Murja suka bi iyayensu Achida. Malam Bube yana nan Rara. Kullum da safe yakan buɗe ajin, ya share, ya zauna a bakin ƙofa yana duban hanya.