Buhunan Daddawar Kaka

Ruwa ya tare ni jiya a rumfar wani mai hatsi a unguwar Paspanga, sai warin jiƙaƙƙen buhun algarara ya bugi hancina. Kafin ruwan ya ɗauke raina ya gama ɓaci. Mai karatu, ka yi mini uzuri. Warin nan kakata yake tuna mini, da abin da aka yi mata da sunan gata.

A tsohuwar Zongo aka haife ni, tun katafila ba ta bi ta kan unguwar ba. Gidanmu na masu atamfa ne. Kakanmu ya zo da sana'ar daga Kano, da ya rasu babban ɗansa, wato baffana, ya gaji shagon. Ita kuwa Kaka daddawa take yi, kuma ba ta taɓa ɗaukar tire ta fita talla ba. Matan Mosi, waɗanda ke kiran abin sumbala, su ke tako ƙafa har tsakar gidanmu, su zauna a tabarma suna jiran ta ga dama.

Tana da wani ɗan ɗakin ƙasa a ƙuryar gida, ba taga, ba fitila. Idan ta dafa kalwa ta yi laushi, aka surfa da toka, aka wanke, aka sake dafawa, sai ta juye ta da zafinta a manyan masakai, ta rufe da ganye, ta lulluɓe da buhunanta. Buhunan nan sun girmi mahaifina. Wajen uwarta ta gaje su, sun yi baƙi, sun yi maiƙo, sun sha faci. Ba a wanke su, sai dai a shanya. Ranar da wata baƙuwa ta ɗauki ɗaya za ta jiƙa, Kaka ta bi ta da muciya har zaure.

Ba ta buɗe ɗakin sai da sanyin safiya da kuma dab da magariba. Ko mai saye ta zo daga nesa, ko hadari ya rufe gari har ba a gane safe da yamma, ba ta sauyawa. Na taɓa tambayarta dalili, na ce ai cikin ɗakin kullum duhu ne, me kalwa ta sani? Ta kama hannuna ta cusa ƙarƙashin buhu, ɗumi ya ratsa ni har gwiwar hannu.

"Akwai masu aiki a ciki, 'yar nan," in ji ta. "Sun san safiya, sun san yamma, ko ba su ga rana ba. Ba a ta da su a tsakiyar aiki."

Ni na ɗauka aljanu take nufi, na yi kwanaki ban bi ta ƙofar ba.

Sai aka ce unguwa za ta tashi, za a gina benaye. An yi kuka, an yi tsinuwa, amma wannan kowa ya sani, ba shi zan ba ka labari ba. Nawa na cikin gida ne. Baffa ya riga kowa gama ginin siminti a sabon wurin da aka ba mu, can bayan gari. A wajenmu kuwa ba a shiga sabon gida da tsummokara, musamman idan uwa za a shigar. Mutane za su zo ganin ɗaki, kuma abin da suka gani a ɗakin uwar mutum da shi za su auna shi. Baffa ya tura Kaka gaba a mota tare da wasu mata da yara. Da ta juya baya, ya sa aka tattara buhunan da masakan a tsakar gida, aka zuba kananzir. Ina cikin mota ta biyu, na ga hayaƙin da idona.

Da muka isa, ya jera mata sababbin robobi masu murfi da farin yadi, yana murmushi, maƙwabta na sa masa albarka.

"Ina buhunana?" Kaka ta tambaya.

"Inna, ki bar zancen ƙazantar nan. Ɗanki na da rai za a ce da tsumma kike rufe abinci?"

Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon robobin.

Ta gwada, kada ka ce ba ta gwada ba. Duk daminar nan tana dafawa tana rufewa a wani ɗakin kwano mai zafin tsiya. Wani lokaci kalwar ta yi tsami, wani lokaci ta yi funfuna, wani lokaci ta fito kamar ta kowa, wanda a wajen Kaka shi ya fi ciwo. Matan Mosi suka zo sau ɗaya, suka shinshina, suka yi godiya, ba su dawo ba. A gida aka fara cewa hannunta ya mutu, tsufa ya kama ta. Da ta ce masu aikinta aka ƙona, sai aka soma kallon juna ana cewa Inna ta fara ruɗewa. Wannan kalmar ce ta karya ta. Ta kife tukunyar, ba ta ƙara dafa kalwa ba har ta koma ga Allah.

Shekaru suka wuce ina ɗauke da abin ba tare da na san sunansa ba. Bara 'yata, wadda ke karatun halittu a jami'a tana kwana a unguwar Zogona, ta zo hutu tana ba ni labarin darasinsu, rabi Hausa rabi Faransanci. Ta ce ƙwayoyin da ido ba ya gani, bakteriya, wasunsu suna da agogo a jikinsu. Koren da ke taruwa a kan ruwan tafki yana cikin mafi daɗewa. Ba ido, ba ƙwaƙwalwa, amma a cikinsa akwai wasu sinadarai uku da ke sauya kama a jere, zagayensu na cika daidai yini da kwana, ko an kulle shi inda haske ba ya canzawa. Ta ce tun zamanin da ba itace ba dabba, rana ce abincinsu. Waɗanda suka iya shiri kafin ta fito, suka kuma yi tanadi kafin ta faɗi, su suka yi yawa, sauran aka bar su a baya.

"Mama, har wanda ke ruɓar da daddawa an ga yana da irin nasa lokacin. Bon, ban ce shi Kaka take ji da hannu ba, ba wanda ya auna. Amma dai irin yana zama ne a buhu da ƙwarya, daga wannan dahuwa zuwa waccan."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na tashi na shiga ɗaki don kada ta ga fuskata. Ashe rayayyen abu ne, wanda aka yi ta reno daga uwa zuwa 'ya tun daga Kano, yana kiyaye safiyarsa da yammacinsa a duhu. Bai tsare wa kowa komai ba. An cinna masa wuta don kada 'yan ganin ɗaki su yi gulma, sannan aka ce mai shi ce ta haukace. Na tambayi 'yata ko a labo ɗinsu, wato ɗakin bincike, za a iya dawo da shi. Ta ce danginsa na nan ko'ina, amma wancan na gidanmu ya tafi.

Yau inda ɗakin Kaka yake bene ne mai gilashi, kuma a gidajenmu dunƙulen kanti ake jefawa a miya, yaranmu na toshe hanci idan sun ji daddawa. Baffa ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, abinci ba ya shiga. Ni nake kai masa tuwo ranar Juma'a, don zumunci bai bar mini zaɓi ba. Makon jiya ya yi loma biyu ya ture kwanon, ya ce duk garin nan ba a iya miya ba, shi miyar kuka yake so da daddawa irin ta mahaifiyarsa. Sai ya ɗago ya dube ni, idonsa tas, ba alamar wasa.

"Wai ni, me ya sa Inna ta daina yi ne?"

Ya manta. Wallahi ya manta. Ni da nake yarinya na kwana da hayaƙin nan shekara da shekaru, shi da ya ƙyasta ashanar ko ranar bai riƙe ba. Kuma ƙanin uba ko yayan uba ba a ɗaga masa murya, balle yana kwance. Na rufe kwanon, na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baffa," na fito.